Na Sayi Sirdi da Kuɗin Doki

Kuskuren da mutum ya tafka da kuɗin aljihunsa yakan warke da wuri, domin shi ya ɗebo, shi ya ji a jikinsa. Wanda ke daɗewa yana cin rai shi ne wanda aka tafka da kuɗin wani, musamman idan mai kuɗin ya miƙo su ne saboda ya yarda an fi shi sani. Irin wannan na yi wa ɗan yayata a farkon shekarar 2022. Ya ba ni amanar haɗa masa kwamfuta, na kwashi kaso mafi tsoka na kuɗinsa na zuba a kan madabod, wato babban allon nan da ake dasa dukkan sassan kwamfuta a jikinsa. Allon ba shi da aibi, har yau yana aiki lafiya lau. Aibin yana ga wanda ya zaɓe shi, kuma ni ne.

Yaron ya gama sakandare yana jiran shiga jami'a, a tsakanin nan ya koyi tace bidiyo a wurin wani mai ɗaukar hoton biki. Burinsa bai wuce biyu ba. Yana son na'urar da zai riƙa karɓar ƙananan ayyuka na biki da suna da walimar sauka, in ya gama aiki kuma ya buga gem irin su FIFA da Call of Duty: Warzone. Kuɗin gumi ne tsantsa: ɗan abin da ya daɗe yana tarawa, sai kwasar adashin mahaifiyarsa da ta ɗora masa a kai. Da ta kira ni, ba ta ja zance ba. Ta ce, "Kai ne ka san kan waɗannan abubuwa. Duk abin da ka ga ya dace, ka yi masa." Na ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki." A dangi ni ake kawo wa duk wata matsalar kwamfuta, na sha haɗa wa abokai da ofis, don haka babu wanda ya yi tunanin bin diddigin abin da zan rubuta a takardar sayayya.

A lokacin kasuwar kayan kwamfuta tana cikin wani yanayi na ɗoki. A watan Nuwamba na 2021 kamfanin Intel ya fitar da zubi na 12 na firosesarsa, da sabon mazauni mai suna LGA1700, da cifset Z690, wato ɗan sashen da ke jikin allo mai kula da sauran mahaɗansa. Wannan ne karo na farko da kwamfutar gida ta samu ram na DDR5 da layin PCIe 5.0. Manyan kamfanonin Taiwan da ke riƙe da sana'ar alluna, wato ASUS da MSI da Gigabyte da ASRock, kowanne ya fito da gwaninsa: ROG Maximus, MEG, Aorus, Taichi. Alluna ne masu nauyi a hannu, an lulluɓe su da ƙarfe, ga fitilu masu sauya launi. Farashin manyansu ya kama daga dala 500 har ya haura 1,000. Na daɗe ina kallon su a YouTube, ina haɗiyar yawu, ban taɓa samun halin sayen ko ɗaya ba. A watan Janairu na 2022 kuma sai ga alluna masu cifset B660, waɗanda nagarinsu ba su kai dala 200 ba, da yawansu kuma suna karɓar tsohon ram na DDR4 mai araha. Tare da su aka fitar da Core i5-12400F, firosesa mai ƙwazo da ita ma ba ta kai dala 200 ba. Duk mai hankali ya ga hanya a buɗe: wannan firosesa, da allon B660, da DDR4, sauran kuɗin a zuba a katin hoto. Na ga hanyar, na kauce mata. Na ɗauki firosesar, na haɗa ta da babban allon Z690 da ya ninka ta tsada har sau uku.

Hujjojin da na jera wa yaron suna da daɗin ji. Na ce masa sayen nagari mayar da kuɗi gida. Na ce allo shi ne tushe, in ya yi ƙarfi sauran kaya a hankali za a riƙa canzawa. Na ce nan gaba zai sa babbar firosesa da babban kati ba tare da ya sake sayen allo ba. Ya ce, "To, Kawu, yadda ka ce." Abin da ban faɗa masa ba, ban ma yarda na faɗa wa kaina ba a lokacin, shi ne ni ke son allon. Ina son in buɗe kwalinsa, in riƙe shi, in ɗaura shi da hannuna, in ɗauki hotonsa in nuna wa abokai. Na ɗauki sha'awata na sa mata rigar shawara.

Tsadar babban allo ba ta tsayawa a kansa, jan sauran kaya take yi. Wanda na zaɓa DDR5 kaɗai yake karɓa, domin galibi allon LGA1700 ko dai na DDR4 ne ko na DDR5, ba ya haɗa biyun. A watannin nan kuwa DDR5 ya yi ƙaranci a duniya, saboda ƙarancin wani ɗan ƙaramin sashe mai daidaita wuta da ke jikin kowane sanda, farashinsa ya ninka na DDR4 har da ɗoriya. Allon yana da faɗi, sai da muka sayi babban kesin mai gilashi. Da na zo kan katin hoto, wanda shi ne zuciyar duk kwamfutar gem, aljihu ya riga ya yi sanyi. Ga shi lokacin masu haƙar kuɗin Ethereum sun wawashe katuna, har RTX 3060 da kamfani ya sa wa dala 329 ba ya samuwa a kusa da wannan farashi. Abin da kuɗinmu ya iya kaiwa shi ne GTX 1650 na hannu, kati na shekarar 2019 mai gigabait 4 kacal. Akwatin raba wuta da masu sana'a ke kira fawa fak kuwa, na ɗauki mai araha wanda ban san asalinsa ba. UPS da sitabilaiza na ce sai wani jiƙon. Ashe na sayi sirdin alfarma da kuɗin doki, na dawo na ɗora wa jaki.

Ranar da muka kunna ta, kowa ya yaba. Fitilu na walƙiya ta cikin gilashi, ƙannensa sun kewaye ta suna kallo. Gaskiya ta fara fitowa ne bayan ya je gidan wani abokinsa da ya haɗa tasa da kuɗin da bai kai namu ba. Allon abokin na B450 ne, cifset ɗin AMD na shekarar 2018, da Ryzen 5 3600, amma katinsa RTX 2060, wanda ya kusa ninka namu ƙarfi. Ya dawo ya same ni, ya ce, "Kawu, me ya sa ta wane ta fi tamu gudu? Shi a Warzone komai sumul, ni sai na rage kyan hoto har ƙasa kafin ta daina tsinkewa."

A nan na ƙara kuskure a kan kuskure, kuma wannan na biyu ya fi damuna. Maimakon in faɗa masa gaskiya, sai na shiga kame-kame. Na ce wataƙila manhajar katin ce ba a sabunta ba. Na ce zafin gari ne. Na ce gem ɗin ne ba a gyara shi da kyau ba. Na zauna na yi ta juya saiti a cikin BIOS, wato manhajar da ke cikin allon kansa, alhali na san inda gizo ke saƙa. Yaron ya yarda da ni, ya ci gaba da zargin kansa cewa shi ne bai iya saita na'ura ba.

Bari in bayyana abin da ya sa babban allo bai ƙara masa gudu ba, domin nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A gem, adadin hotunan da ke fitowa a kowace daƙiƙa ya rataya ne da farko a kan katin hoto, sannan firosesa, sannan yawan ram da saurinsa. Allo ba ya lissafi, ba ya zana komai. Aikinsa shi ne ya sada waɗannan sassa da juna, ya kuma shayar da su wuta daidai gwargwado. A kwamfutar zamani, sashen da ke sarrafa ram yana cikin firosesa ne. Layuka 16 da ke zuwa gurbin katin hoto su ma daga firosesa suke fitowa kai tsaye, haka layuka 4 na ma'ajiyar SSD ta farko, ba sa bi ta cifset. Saboda haka in ka ɗauki firosesa ɗaya da kati ɗaya da ram iri ɗaya, ka gwada su a allon dala 150 da na dala 600, matuƙar ƙaramin yana iya ba firosesar wutar da take nema, bambancin da za ka gani a gem bai taka kara ya karya ba. Na san wannan kafin in sayi allon. Sanin bai hana ni ba, domin ban tambayi sanina ba, zuciyata na tambaya.

Duk da haka zalunci ne in ce babban allo ado ne kawai. Yana da amfani na haƙiƙa, kuma mafi girmansa yana ga sashen da ake kira VRM, jerin ƙananan na'urorin da ke kewaye da mazaunin firosesa. Fawa fak yana turo wuta mai bolt 12, firosesa kuwa abin da take sha bai wuce bolt ɗaya da 'yan kai ba, amma da yawan gaske, kuma buƙatarta na sauyawa cikin ƙiftawar ido. VRM ne ke wannan juyi. A babban allo ana raba aikin a kan layuka 16 ko 20, da kaya masu inganci, da ƙarfen shan zafi mai kauri, don haka babu wanda ke galabaita. Firosesa irin Core i9-12900K tana iya jan wat 241 in aiki ya yi tsanani. Ɗora ta a kan allo mafi araha, wanda VRM ɗinsa ke tsirara babu ƙarfen sanyaya, sai ya yi zafi ya tilasta mata rage gudu. A garuruwanmu da zafin bazara ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sai dai tamu firosesar, 12400F, wat 65 ne mizaninta, in ta yi tashin ƙarshe ta kai 117. Matsakaicin allo mai ƙarfen sanyaya zai ɗauke ta yana hutawa.

Amfani na biyu shi ne obakulokin, wato ƙara wa firosesa gudu sama da wanda kamfani ya yanka mata. A tsarin Intel, wannan yana buƙatar abu biyu tare: allo mai cifset na jerin Z, da firosesa mai harafin K a ƙarshen sunanta. Tamu ba ta da K. Na biya kuɗin ƙofar da ba mu da mabuɗinta. Harafin F da ke jikinta kuma yana nufin ba ta da sashen hoto na cikin gida, don haka mafitar sikirin da ke bayan allon ba ta da aiki a wurinmu, kuma yaron ya rasa Quick Sync, fasahar Intel da ke sauƙaƙa wa mai tace bidiyo aiki, wadda za ta fi masa amfani a kan rabin abubuwan da na saya masa.

Amfani na uku yawan mahaɗai ne. Babban allo yakan zo da gurbin SSD na M.2 huɗu ko biyar, da ramukan USB masu sauri birjik, da Thunderbolt 4 mai gigabit 40 a daƙiƙa, da mahaɗin intanet na gigabit 2.5 ko ma 10, da Wi-Fi na sabon zubi, da sashen sauti mai tsafta. Ga situdiyon da ke kwasar manyan fayiloli tsakanin kwamfutoci da ma'ajiya, waɗannan kuɗi ne a hannu, domin lokaci suke ceto. Yaronmu kuwa SSD ɗaya gare shi, intanet ɗinsa daga waya yake jonawa. Jinkirin da yake gani a gem na intanet nisan da ke tsakaninsa da sabar da ke Turai ne ya haifar da shi, babu allon da zai rage wannan nisa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu da na ga amfaninsu da idona, ba zan ɓoye ba. Ɗaya ɗan ƙaramin madubi ne mai nuna lamba biyu a kusurwar allo, wanda in kwamfuta ta ƙi tashi yake faɗa maka inda ta maƙale, ko a ram, ko a firosesa, ko a kati. Ɗayan maɓalli ne a baya da ke ba ka damar sabunta BIOS da filash ko da babu firosesa a jiki. Su biyun rahama ne ga mai gyara. Amma yanzu matsakaitan alluna da yawa suna da maɓallin, suna kuma da fitilu huɗu masu yin kusan aikin madubin.

Babbar hujjata ita ce "nan gaba", ita ce kuma ta fi kowace rushewa. Gurbin PCIe 5.0 da na yi ta yabo, katin da muka soka a cikinsa na PCIe 3.0 ne. Katunan gem na Nvidia masu amfani da PCIe 5.0 ba su shigo kasuwa ba sai a Janairun 2025, da jerin RTX 50, shekara uku bayan sayenmu. Gurbi na biyu na kati, wanda a da ake haɗa katuna biyu da shi, ya riga ya zama tarihi, domin tun farkon 2021 Nvidia ta daina fitar da sabon tallafin SLI ga gem. Shi kansa mazaunin LGA1700 zubi uku ya ɗauka, na 12 da na 13 da na 14. A watan Oktoba na 2024 Intel ta koma LGA1851, wanda ke nufin duk mai son sabuwar firosesa sai ya sayi sabon allo, ko nawa ya kashe a kan tsohon. A ɗaya ɓangaren, mazaunin AM4 na AMD da ya fito a 2016 ya daɗe ana cin moriyarsa. Allon B450 mai araha irin na abokin yaron, da sabunta BIOS kawai, yana karɓar Ryzen 7 5800X3D da ta fito a Afrilun 2022, wadda a lokacinta tana sahun gaba a gem. Ashe tsawon ran allo ya fi rataya a kan shawarar kamfanin firosesa game da mazauni, ba a kan tsadarsa ba.

Ko ingancin da ake saya da tsada bai zama kariya daga kowace matsala ba. A Afrilun 2023 an samu rahotannin ƙonewar wasu firosesa na Ryzen 7000X3D, har AMD ta ƙayyade wani ma'aunin wuta zuwa bolt 1.3 ta hanyar sabon BIOS. A 2024 Intel ta tabbatar cewa wasu firosesarta na zubi na 13 da 14 suna lalacewa a hankali saboda yawan bolt, ta fitar da gyara a Agusta da Satumba, ta ƙara shekara biyu a kan garanti, ta kuma nemi masu ƙera alluna su koma saitinta na asali, domin da yawan manyan alluna suna fitowa ne da iyakar wuta a sake don su yi fice a gwaji. Mai matsakaicin allo da matsakaiciyar firosesa yawanci yana nesa da wannan bakin rami.

Sannan ga halin da muke ciki a nan. Allon da aka kawo daga waje, garantinsa yana can inda aka saye shi. Mayar da shi kuɗin jirgi ne da dogon jira. Mazaunin firosesa yana da siraran allurai 1,700, in ɗaya ta lanƙwashe garin ɗaurawa, galibi garanti ba ya ɗauka. Duk yadda allo ya kai tsada, haka asararsa take kaiwa.

Abin da ya tilasta mini buɗe baki wuta ce. Yaron yana tsakiyar fitar da bidiyon wani biki aka ɗauke wuta, na'ura ta mutu nan take tun da babu UPS. Da aka dawo da ita, ta zo da ƙarfi, fawa fak ɗin nan mai araha ya yi ƙauri ya tsaya. Allah ya tsare, allo da firosesa da kati ba su taɓu ba. Amma fayil ɗin aikin ya lalace, sai da ya faro tacewa daga tushe bayan mun samo wani fawa fak. Ya kai aiki a makare, mai biki ya rage masa kuɗi, bai kuma sake kawo masa aiki ba. Yaro mai fara sana'a, sunansa shi ne jarinsa, ni kuwa na taɓa masa shi. Kuɗin da zai sayi fawa fak nagari da UPS da sitabilaiza bai kai rabin abin da na ƙara a kan allo don sha'awa ba.

A daren na zaunar da shi. Na ce masa, "Tambayar da ka yi mini kwanaki, na san amsarta tun a lokacin. Ba saiti ba ne, ba kai ba ne. Ni na raba kuɗinka ba daidai ba. Na sayi abin da nake so, na bar abin da kake buƙata. Ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Kawu, ai ba komai." Na ce masa da komai, domin na bar shi yana zargin kansa. Washegari na je na sami mahaifiyarsa na faɗa mata yadda aka yi, ban rage ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Da ka faɗa tun ranar da ya tambaye ka, da ya fi." Wannan magana ta fi faɗa zafi, kuma gaskiya ce.

Na yi ƙoƙarin sayar da allon in musanya da ƙarami, sai na tarar kasuwa ba ta biyan kuɗin ƙawa. Mai sayen na hannu tambayarsa ɗaya ce: wace firosesa yake ɗauka? Abin da aka taya bai kai rabin kuɗinsa ba, muka bar shi. Na ɗauki alkawarin sayen kati da UPS daga aljihuna. UPS na saya nan da nan. Katin kuwa na yi ta jan ƙafa ina jiran farashi ya ƙara sauka, tun da yana ta faɗuwa, ga shi kuma Ethereum ta daina amfani da katuna a Satumbar 2022. Ina cikin jira, a Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 750, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Na cika alkawari, amma da kuɗin da ya ninka wanda da zan biya tun farko. Wanda ke sayen kayan dala da kuɗin naira, in ya ce zai cike giɓi nan gaba, ya sani giɓin ba ya jiran sa a inda ya bar shi.

Kada wani ya fahimci cewa ina kiran a sayi allo mafi araha. Wannan ma kuskure ne, ɗan'uwan nawa. Allon da VRM ɗinsa ba shi da ƙarfen sanyaya, mai gurbin ram biyu da na SSD ɗaya, zai takura ka da wuri, a zafinmu kuma zai wahala. Wurin tsayawa yana tsakiya: jerin B na Intel ko na AMD, daga kamfani sananne, mai ƙarfe a kan VRM, da gurbin M.2 biyu ko uku, da maɓallin sabunta BIOS. Babban allo kuwa yana da mutanensa: mai firosesa mai jan wat 200 zuwa sama da zai sa ta aiki wuni guda, mai obakulokin da gaske, mai situdiyon da zai cike gurabun nan duka, da kuma wanda ya riga ya sayi kati mafi kyau da fawa fak mafi inganci, kuɗi suka ragu, yana son ƙawa da halalinsa. Wannan na ƙarshe babu laifi a kansa, muddin ya san ƙawa yake saya.

Ga mai haɗa kwamfutar gem a ƙasar da wuta ba ta da tabbas, tsarin da na koya da tsada shi ne a fara ware kuɗin kariya, wato fawa fak nagari da UPS ko inbata. Sai katin hoto ya ɗauki kaso mafi girma na abin da ya rage. Sai firosesar da ta dace da katin, sai ram da SSD da za su wadatar, sai fanka da kesin mai shan iska da tacen ƙura saboda hunturu. Allo ya zo bayan an san firosesa, a zaɓi wanda zai ɗauke ta ba tare da wahala ba, yana da mahaɗan da za a yi amfani da su.

Amma izinar da ta fi zama mini ba ta kayan lantarki ba ce. Mai ilimin abu ya fi jahili iya yaudarar kansa, domin yana da kalmomin da zai lulluɓe son ransa da su, kuma babu mai iya ƙalubalantar sa a gida. Shi ya sa yanzu duk wanda ya zo neman shawarata, kafin in ambaci sunan kowane kaya sai na tambaye shi wane aiki zai yi, wane gem zai buga, yaya wutar unguwarsu take. Sannan in rubuta jerin kayan da farashinsu, mu zauna tare, a kan kowane layi in faɗa masa da bakina aikin da abin zai yi masa a cikin shekarar nan. Layin da na kasa yi wa wannan bayani ba tare da na fake da "nan gaba" ba, a gabansa nake soke shi.